Telan da ya ƙi yanka shaddata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni, ina cikin shan kunu. Ɗansa Bashir ne ya kira ni: Baba Isiyaka tela ya rasu. Ya idar da sallar asuba, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo rai ya yi halinsa.

Na ajiye ludayi.

Duk wanda ya taso a unguwar Marjandafak, nan Njamena, ya san shagonsa a bayan kasuwa. Keken ɗinki baƙi da ya girme ni, benci guda, da dogon madubi mai tsaga a gefe. Shi ya yi wa mahaifinmu ɗinki, shi ya ɗinka mini rigar da na fara shiga aji da ita ina malami.

Siriri ne na gaske. 'Yan kasuwa suna ce masa Tsinke, shi kuma yana amsawa da fara'a. Wani ya taɓa ce masa wata rana iska za ta ɗauke shi, sai ya ce, "In ta biya ta gida, ai ta hutar da ni."

Ni kuwa, waɗanda suka san tsofaffin hotunana sun san yadda nake.

A gidanmu tumbi takardar shaida ce. 'Yan'uwana duka 'yan kasuwa ne, ni kaɗai na kauce na bi alli da littattafai. Ba ni da shago, ba ni da mota. Abin da kawai nake nunawa a taron dangi a yarda ni ɗan gidan ne, shi ne cikina. Na kuwa yi masa hidima yadda ya kamata.

Shekara uku da suka wuce ƙishirwa da jiri suka dame ni, likita ya duba ni ya ce sukari ya hau, jini ma ya hau. Bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ko in gyara cin abincina, ko iyalina su fara koyon zama ba ni.

Rabi, uwargidana, ta karɓi mulki a ranar. Tuwo ya koma rabi. Kifi ya bar kaskon mai ya koma kan garwashi. Zogale da kuɓewa suka tare a gidanmu. Shayi kuma ba sukari, wanda a Njamena horo ne da ko alƙali ba ya yanke wa mutum.

Jikina ya fara sauka, kuma gaskiya na ji daɗi. Na daina tsayawa a tsakiyar matakalar makaranta ina yin kamar ina karanta sanarwar da ke bango.

Amma gari bai ji daɗi ba.

Ko'ina na bi sai "sannu da jiki, Malam." Gwaggona ta gan ni ta fashe da kuka. Balaraben da ke da kanti a bakin layinmu na Shagwa ya riƙe hannuna yana tambayar lafiyata har sau uku, yana leƙen idona. Wani abokin yayana ya ja ni gefe ya raɗa mini sunan wani mai magani, ya ce ba ya tona asirin kowa.

Ni da nake koya wa yara kada su bi ra'ayin taro ido rufe, sai ga ni ina sa riga biyu a ƙarƙashin kaftani. A watan zafi. A Njamena.

Ana cikin haka aka sa ranar auren 'yata Hadiza, wata uku. Surukan 'yan kasuwa ne daga Damagaram, kowannensu in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Na ce ba zan tsaya a gabansu kamar wanda aka tono ba, su koma gida su ce uban amarya ko ciwo ne da shi ko yunwa.

Sai na yanke shawarar da nake ganin ta masu hankali ce: zan mayar da tumbina kafin biki, in ya so bayan biki likita ya ci gaba da aikinsa.

Na sayi shadda mai kyau na kai wa Baba Isiyaka. Na ce ya yi mini babbar riga da 'yar ciki da wando, da tsohon awona.

Ya shafa shaddar, ya yaba ta. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Tsohon awon na wane ne?"

"Nawa mana, Baba. Zan cika ta kafin ranar."

"Malam Sani, wancan mutumin ai likita ya ce ba zai yi nisa ba. Kana so in ɓata shadda irin wannan a kan wanda ban tabbata zai zo bikin ba?"

Na yi dariya don in rufe kunya. Shi bai yi ba.

Ya ce ba ya yanka yadi a kan jikin da bai tsaya wuri ɗaya ba, domin in almakashi ya shiga, shi ke nan. Ya ninke shaddar ya ɗora saman kabad. Ya ce in riƙa zuwa kowace Juma'a da sassafe, kafin in karya kumallo, ya auna ni. Ranar da awo ya zo ɗaya sau uku a jere, ranar zai yanka.

"Kuma ka zo da ƙafa. Babur yana girgiza ciki, awo ya ƙi fita daidai."

Na karanta littattafai da dama a rayuwata, ban taɓa cin karo da wannan ilimin ba. Amma daga Shagwa na riƙa takowa har Marjandafak, don ban san wani telan da zan amince wa shaddata ba.

Kada ku ɗauka na tuba nan take. Mako biyu na yi ina satar jiki zuwa unguwar Farsha wajen masu gashin nama, ina zaɓar inda kitse ya fi yawa, in kora da lemon kwalba. In dawo gida in ci zogalen Rabi da fuskar mutumin kirki.

Juma'a ta uku ya zagaya tef a cikina, ya duba lambar, ya sake dubawa. Bai yi faɗa ba.

"Naman Farsha ne ko na bakin kasuwa?"

Na ce na Farsha ne.

"Ya fi daɗi," in ji shi. "Ƙishirwar ta dawo?"

Ta dawo kuwa. Da ita da jiri, da wannan hazon da ke rufe mini rubutu in ina karatu. Ban faɗa wa kowa ba, ko Rabi.

Sai ya tashi ya saki labulen ƙofa. Ya ce in cire kaftanin. Na cire. Ya ga riga ta biyu, ya ga ta uku. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe kanti ka buɗe ba mu sani ba."

Ya tsayar da ni gaban madubin nan daga ni sai singileti. Wallahi na fi shekara ban kalli kaina daga sama har ƙasa ba.

Ya ɗora yatsa a ƙasan haɓata.

"Ka san mene ne wannan? Wuya ne. Shekara ashirin ina yi maka wuyan riga da kintace, sai yau na gan shi."

Na yi dariya har da hawaye. Hawayen dai ba duka na dariya ba ne.

Ya ce, "Ba ramewa ce ke sa mutane yi maka sannu ba. Rigar wani kake sawa. Ko ni ka zuba a buhu, sai an yi mini jaje. Ka kawo kayanka duka in rage su."

Haka aka yi. Kowace Juma'a in kai biyu in karɓo biyu. In na iso ina haki, sai ya tura mini kwanonsa: ɗan ɗumamen tuwon gero, miyar kuɓewa da busasshen kifi. Abin da yake ci ke nan tun ina yaro. Bai taɓa kiransa tsarin cin abinci ba, cewa yake yi karin kumallo.

Na daina zuwa Farsha. Abin mamaki, da kayan suka zauna a jikina, masu sannu suka ragu. Gwaggo ma ta koma cewa na yi kama da mahaifinmu yana saurayi.

Saura kwana tara biki awo ya zo ɗaya karo na uku. Ya sauko da shaddar, ya yi bismillah, ya yanka a gabana.

Ranar ɗaurin aure na tsaya tsakanin surukaina kamar alif a tsakiyar layi. Ba wanda ya yi mini sannu.

Bayan an shafa fatiha, baban ango, Alhaji mai faɗin ƙirji, ya ja ni bayan rumfa. Na ce a raina yau ga mai maganin Damagaram kuma. Sai ya rage murya:

"Malam, don Allah me kake ci? Ni fa shekara biyu ke nan a kan kujera nake salla."

Da na ba Baba Isiyaka labari, sai da ya tsayar da keke don dariya. Ya ce, "Ka ce masa ya riƙa zuwa awo. Da ƙafa, daga Damagaram."

Rabona da shi kwana goma sha ɗaya. Na biya na gaishe shi, na tarar Bashir ne a kan keke, shi yana zaune a benci yana ɗinke maɓalli da hannu. Na nuna masa hoton jikata a waya, 'yar Hadiza, wata huɗu, kumatu kamar an hura.

Ya daɗe yana kallo yana murmushi.

"Ita an yarda mata," ya ce. "Ka kawo ta in yi mata 'yar riga. Alhamdu lillahi da ka tsaya ka gan ta."

Na ce sai mako mai zuwa. Makon ya zo, jarrabawa ta riƙe ni.

Ba zan ce ba na jin zafin wannan ba. Amma yau ba baƙin ciki ne ya fi yawa a raina ba. Mutum ne da ya rayu a jikin da Allah ya ba shi bai taɓa jin kunyarsa ba, ya ci abin da ya ishe shi, ya yi sana'arsa da gaskiya, ya tafi da alwalarsa. Ni kuma ga ni, ina goyon jika a kafaɗa ina zagaya tsakar gida ba haki.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Mata masu shirin kai abinci gidan makoki, Allah ya saka da alheri, amma don girman mamacin a rage mai.

Allah ya jiƙan Baba Isiyaka, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Yadda ya rufa wa bayin Allah asiri da allura da zare, ya Allah ka suturta shi da rahamarka. Ka ba Bashir da 'yan'uwansa da mahaifiyarsu haƙuri.

Duk wanda ya karanto har nan, ko bai san shi ba, ina roƙon ya ɗan dakata ya yi masa addu'a kafin ya wuce.