Rakiya Har Gindin Darbejiya

Shekarar da aka ɗora mini kula da 'yan aji biyu na sashenmu, a jami'ar da nake koyarwa a Gusau, sai da na yi dariya da na ji yadda ake son a yi aikin. Wai in zauna a ofis, in bar ƙofa a buɗe, duk ɗalibin da ke da damuwa ya shigo ya faɗa. Ni ɗan Rawayya ne, na san mutanena. Mutumin ƙasarmu zai zo gidanka magana na cin sa, ya gaishe ka, ya tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, ya sha furarka, ya miƙe ya ce sai an jima. Sai ka taka masa, kun kai bakin hanya, sannan ya ce, "Af, dama..." To, abin da ya biyo bayan daman nan shi ya kawo shi.

Don haka na ɗauki al'adar raka ɗalibai. Duk wanda ya shigo ya ce lafiya lau, sai in zura takalmi in bi shi har gindin wata darbejiya da ke bakin wurin ajiye babura. Abokan aiki suka samu abin tsokana. Wani da ofishinsa ke kallon nawa kullum sai ya leƙo ya ce, "Malam, yau kuma wane basarake aka raka?" Ban taɓa damuwa ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma na san abin da nake ji a gindin bishiyar nan ba ya shiga ofishin kowa.

A cikin ɗaliban akwai wani dogo siriri, ɗan wata ruga da ke bayan Bilbis. Sashenmu na kimiyyar sinadarai ne, shi kuwa sinadaran sun ƙi shi ƙememe. An riga an yi masa gargaɗi, in ya sake faɗuwa a wannan zangon korarsa za a yi. Ya sha zuwa ofis, ya zauna a bakin kujera, ya ce karatu alhamdulillahi. Ran nan muna isa darbejiya ya tsaya yana soshe ƙeya.

"Af, dama Malam, ni wanga karatu bai shiga kaina. Na dabbobi nika so."

Na duba sakamakonsa, na ga duk kwas ɗin da ya shafi halittu ya ci shi da kyau. Na je sashen kiwon dabbobi, suka ce za su karɓe shi in ya koma kafin a rufe rajista, kuma rufewar ta kusa. Na kira shi da murnata, sai ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya ba, sai da yardar babansa. Tun da ya sami gurbin karatu, a rugarsu Likita ake kiransa, domin a wurinsu duk mai sa farar riga a ɗakin gwaji hanyar asibiti ya kama. Na ce to ya je ya tambayi baban mana.

"Malam, ni ɗan hwari na. Ba mu magana."

Nan na gane inda gizo ke saƙa. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, shi kuma bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, wadda ni ma na tashi na ga irinta a gidanmu. Amma raina ya ɓaci matuƙa da na ga kunya za ta sa a kori yaro mai ƙwaƙwalwa. Na ce masa ya shirya, ranar Asabar tare za mu.

Muka fita da sassafe ta hanyar Tsafe, don hanyar ba ta son yamma. Muna isa rugar yaron ya ɓace cikin shanu kamar ba tare muka zo ba. Uban, dattijo mai ɗan gemu fari, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo nono da fura. Muka yi hirar damina, muka yi ta ciwon ƙafa da ya addabi garke bara, muka yi ta halin da gari ke ciki. Maganar da ta kawo ni ko kusa da ita ban je ba, shi ma bai tambaya ba. Da na ce zan koma, ya ɗauki sandarsa.

Muka wuce bukkar ƙarshe, muka ratsa gonar gero, muka wuce inda rakiyar baƙo ta saba tsayawa. Da na hango motata a bakin hanya, na rage tafiya na ce, "Af, dama Baba..." Na faɗa masa komai, har da korar da ke tafe. Ya dogara da sanda.

"Malam, ni ban taɓa cewa shi zama likita ba," in ji shi. "Mutane na sunka sa mai suna. Na ga ya ɗauki littattahwai ya tahi, nic ce abin da rainai ka so ke nan, sai na haƙura."

"Ka haƙura da mi, Baba?"

"Da shi. Tun yana ƙarami babu hannun da shanun ga sunka yarda da shi kama nashi."

Na roƙe shi ya gaya wa yaron da bakinsa. Ya girgiza kai, har da ɗan murmushi, kamar na ce ya sa wando a ka. Ya ce ni ne malaminsa, ni zan kai saƙon. Ya juya ya kama hanyar gida da sauri, bai ko dubi wajen motar ba, inda ɗansa, da ya riga mu isa, ke tsaye yana kallon ƙasa.

A hanyar dawowa yaron bai tambaye ni komai ba, ni ma na ƙyale shi. Ya yi mini hirar kwalta da ramukanta, ya yi ta zafin rana. Da muka iso Damba, inda yake zaune da abokan karatunsa, ya yi godiya ya fita. Na kashe mota, na fito na taka masa. Sai da muka kai bakin lungunsu ya tsaya.

"Af, dama Malam... mi yac ce?"

"Ya ce ka yi karatun shanu. Ya ce tun ranar da ka tahi, haƙuri yaka yi da rashinka."

Ya durƙusa nan bakin lungu, ya rufe fuska da hularsa. Na tsaya a kansa na tare shi daga idon masu wucewa har ya gama kukansa.