Takardar da Bu Wardiyah Ta Ƙi Naɗe Awara da Ita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, 9 ga Afrilu, lasifikar masallacin unguwarmu a Pekalongan, ƙasar Indonesiya, ta sanar da rasuwar Bu Wardiyah (Bu, wato Inna), mai suyar awara da ayaba a bakin kasuwa. Ina cikin aji na ji, na kasa ƙarasa waƙar da nake koya wa yara.

Bu, kamar sauran masu suya, tsofaffin takardu kike saye a kilo kina naɗe wa mutane. Bambancinki da su, ke sai kin karanta. Shekara bakwai ke nan da kika tare ni bayan an tashi makaranta, kika danƙa mini wata takarda a ninke. Rajistar da na cike ta waya a wani asibiti ce, aka buga a takarda, daga baya aka sayar da ita cikin shara. Ga sunana, ga lambar katina, ga cutar da nake shan maganinta a ɓoye. Da uwar yaro ɗaya ta gani, da aikina ya ƙare a makon.

Kika ce, "Malama, je ki ƙona. Ni tsohuwa ce, idona ya mutu, ban ga komai ba."

Ƙarya kika yi, Allah Ya yafe miki. Ke da kike hango ƙuda a faranti daga ƙarshen layi!

Daga ranar kika koma naɗi da ganyen ayaba. Da aka kira taron jin ra'ayin jama'a kan dokar kare bayanan mutane, kika je da buhun irin takardun nan. Wani mai kwat ya ce maganar intanet ake yi, ba ta kasuwa ba.

Kika ce, "Ranka ya daɗe, ai daga intanet ɗin naku suke faɗowa gaban kaskona. In laluba ko ta matarka na ciki, in karanto?"

Ba zan ce ke kika kawo dokar ba, amma mutumin nan take ya koma kujerarsa ya zauna.

Duk da haka, ina jin kunyar faɗa, ban taɓa sakin jiki ba. Kullum ina tsayawa in sayi awararki, ni da ko ƙamshinta ba na so, don kawai in duba fuskarki in ga ko kin faɗa wa wani. Shekaranjiya wajen addu'ar uku, 'yarki Ningsih ta riƙe hannuna.

"Wai me ya haɗa ku da Mama haka? Ita dai cewa take ke mayyar awara ce."

Nan na fashe da kuka. Ko 'yar cikinki ba ki gaya wa ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ningsih, da mijinki Pak (wato Malam) Darmaji, da matan layin suya. Allah Ya ba ku haƙuri. Ke kuma Bu, Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ranar da za a buɗe takardar kowa a gaban taro, Allah Ya ninke taki, Ya miƙa miki a hannun dama, kamar yadda kika miƙo mini tawa.