Tsakuwata a Ƙoƙon Iya Tabawa

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Na san na yi shiru wata huɗu. Masu kira da masu aiko saƙo duk na gani, ƙarfin amsawa ne babu. Tsufa ne ya haɗu da ciwon ƙirji. Na tashi, amma har yanzu a gajiye nake, ko rubutun nan sai da na huta sau uku.

Ba labarin wannan ciwon zan ba ku ba. Kwanciyar ce ta tuna mini da na farko, wanda kunya ta hana ni faɗa.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai. Ina saurayi a wani ƙauye kusa da Paki, inda muke da 'yar majami'a ta jinka, mu Kirista ba mu fi gida bakwai ba. Ina sassabe kututture ya yanke ni a ƙwauri. Na shafa ƙasa na ci gaba da aiki.

Kafin wata ya zama gyambo. An sa ganye, an sa toka, an ɗaure da tsumma. Ƙafa ta kumbura ta soma wari, har ƙannena suka daina cin tuwo kusa da ni. Ƙuda kuwa ba a magana.

Ran da za a kai ni asibiti, maƙwabcinmu Malam Isiyaku ya ba da jakinsa, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ɗana." Ana ɗora ni sai ga Iya Tabawa.

Iya Tabawa wata dattijuwa ce a majami'armu, a karatu ba ta san ko bihim ba. Tana da ɗan ƙoƙo da tsakuwoyi a ciki, kowace tsakuwa mutum ce. Da sassafe takan zazzage su a kan zane, ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunan mai ita ta roƙa masa Allah cikin sunan Yesu. Mu samari dariya muke mata, wai Iya na yin dara ita kaɗai.

Ranar ban yi dariya ba. Na ce, "Iya, ki riƙe ni."

Ta sunkuya ta ɗauki wata baƙar tsakuwa mai kaushi nan kusa da ƙafar jakin. Ta ce, "Na riƙe ka, Bulus. In ka tashi, ka zo ka ce in sauke."

Jaki ya kai ni Ikara, daga nan motar gyaɗa zuwa asibitin mishan can wajen Zariya. Akuya biyu Baba ya sayar.

Kullum da safe a kwance ɗauri, a wanke da wani ruwa mai zafi kamar barkono, a kankare ruɓaɓɓen nama. Allura safe da yamma, har aka rasa inda za a soka. Na gadon kusa da ni an riga an yanke masa tasa ƙafar, ina kallonsa yana laluben inda babu komai.

Ran wata Litinin likita Bature ya duba ƙafar. Da Hausarsa ta hanci ya ce wa Baba, "Idan Juma'a bai canja ba, za mu yanke daga gwiwa."

Manomi ba ƙafa? Na juya fuska bango. Gaskiya zan faɗa muku, na kasa addu'a. In na buɗe baki na ce "Ya Uba", sauran sai ya maƙale. Haushin Allah ma nake ji. Abu ɗaya ya rage mini: in gari ya waye, na san akwai tsohuwa can gida tana ɗaga baƙar tsakuwa tana kiran sunana. Abin da na kasa, ita take yi mini.

Ran Alhamis malamin asibitin da ke wanke mini ƙafa ya dakata, ya kira likita. Sabon nama ja ya fito a gefen ramin. Likita ya ce, "Mu ƙara mako." Makon ya zama wata uku. Na fita da ƙafata, sai tabo, ga shi nan har yau.

Ban ce allura ba ta yi aiki ba. Ta yi. Amma ba don na san ana riƙe da ni ba, da tun Litinin ɗin nan na daina cin abinci.

To ga abin kunyar. Daga asibiti aka sa ni makaranta, daga nan sai aikin reluwe. Iya ta koma wajen 'yarta a Gubuchi. Kullum "zan je, zan je", har shekara goma sha tara.

Da na je ta makance. Na durƙusa na gaishe ta. Gaisuwa na ƙarewa ta ce, "Bulus, ƙafar fa?"

Na ce, "Iya, ai ta daɗe da warkewa. Ba ki ji ba?"

"Na ji a bakin mutane. Mutane ne suka ce in riƙe ka?"

Ta laluba ƙoƙo ta zaro tsakuwata, ko kuskure babu. Tsakuwar nan mai kaushi ta yi sumul don shafa. Ta ce, "Shekarar farko ƙafa na roƙa maka. Sauran kuwa hankali, don na ga can ciwon ya koma." Tana dariya, ni ina kuka.

Na ce, "Iya, ki sauke."

Ta sa mini ita a tafin hannu ta ce, "Na sauke. Yanzu kai ka ɗauki wani."

A wannan kwanciyar ma addu'a ta sake gagarata, ku kuka yi mini. Na gode wa Allah, na gode wa iyalina da suka sha ɗawainiya, da ma'aikatan asibiti.

Shawarata kaɗan ce. Ciwo in ya ƙi, kada ku tsaya shafa ƙasa, ku tafi asibiti da wuri. In wani ya ce ku sa shi a addu'a, kada abin ya tsaya a "za mu yi", ku kira sunansa kullum. In kuma ku aka riƙe, ku koma da bakinku ku faɗa.

Shi ya sa na lallaɓa na rubuta yau, ban ce sai gobe ba. Duk wanda ya riƙe ni cikin watannin nan huɗu, na tashi. Ku sauke ni, ku ɗauki wani.