Rantsuwar da Baba Ya Ƙi Yi

Har yau idan aka nuno samari suna zagaye filin tsere a talabijin, tashi nake yi in bar ɗakin. Jikokina sun ɗauka wasanni ne ba na so. Ba su san tsohon nan mai ciwon gwiwa ya taɓa zama wanda abokan tsere ba sa ganin komai nasa sai ƙeya ba.

A wani ƙauye kusa da Dingaya aka haife ni, a ƙasar Gwaram. Gudu ba koya mini aka yi ba. Gonarmu ce ke da nisa, Baba kuma ba ya yafe wa wanda ya makarar masa da fura. Da aka kai ni makarantar kwana a Birnin Kudu, malamin wasanni ya ga ina zagaye fili ba haki, sai ya sa ni a tseren mita ɗari takwas da na dubu ɗaya da ɗari biyar. Tseren mai haƙuri ne. Ka bar masu zumuɗi su ƙone kansu, a zagayen ƙarshe ka bi su kana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Na ci a makaranta, na ci a Kano, aka kai mu Ikko na sake ci, da takalmin aro wanda sai da na cusa masa tsumma.

Zamanin kuɗin mai ne, gwamnati ba ta ƙyashin cika jirgi. Aka ce za a tafi da ni gasar matasa ta ƙasashen duniya. Sharaɗin shi ne kada mutum ya kai shekara ashirin, kuma wanda ba shi da takardar haihuwa, ubansa ya je gaban alƙali ya rantse a kan ranar da aka haife shi. Ban damu ba. Kowa a ƙauyenmu ya san ban kai ba.

Ranar kasuwa Baba ya biyo babbar mota ya zo Birnin Kudu. Muka shiga kotu, ni da shi da malamin wasanni. Magatakarda ya tambaye shi ranar haihuwata.

"Da kaka ne," in ji Baba, "ana yankan gero, shekarar da aka haƙa rijiyar masallacinmu."

Magatakarda ya lissafa, ya ce shekarun sun yi daidai. "To Baba, sai mu zaɓi wata rana a cikin kakar, ka dafa Alƙur'ani, shi ke nan."

Baba ya janye hannunsa cikin riga. "Shekarar na sani, ranar ban sani ba. Ba zan dafa Littafin Allah a kan abin da ban sani ba, don yaro ya je ya yi guje-guje da gajeren wando a gaban Turawa."

Malamin wasanni ya roƙe shi har muryarsa ta dushe. Ni kuwa na durƙusa a gaban jama'a na riƙe ƙafarsa. Ya ce in tashi, ina ba shi kunya. Ƙanen Baba ya so ya rantse a madadinsa, amma wa zai tsallake yayansa a gidanmu?

Aka ba wanda ya zo bayana gurbina. Mutumin nan har mata yake da ita, kullum da reza a aljihunsa saboda gemu, amma ubansa ya rantse ko gezau bai yi ba. A rediyon wani tela na ji sakamakon. Tun a zagayen share fage aka fitar da shi. Ban yi murna ba, baƙin ciki ne ya cika ni, don na san abin da ke cikin ƙafafuna a wannan shekarar. Ban sake sa takalmin gudu ba. Na gama makaranta na zama akawu a Gwaram, ina lallashin kaina da cewa ubana mai tsoron Allah ne, kuma wannan ma abin alfahari ne.

Bayan 'yan shekaru gyaɗa ta yi kyau, Baba ya sayar da bijimai biyu ya ce zai sauke farali. Mai shirya wa alhazai fasfo ya zo har zauren gidanmu, aka kira ni tunda ni ne ɗan boko. Ya tambayi Baba ranar haihuwarsa.

Baba ya yi dariya. "Wa ya sani? Ko shekarar ma ban sani ba. Sa duk abin da ya sawwaƙa."

Mutumin ya rubuta. Ni na riƙe tawadar, ni na kama babban yatsan Baba na dangwala masa a ƙarƙashin ranar da aka ƙaga yanzun nan a gabanmu.

Na ce, "Baba, ashe ana iya zaɓar rana."

Ya dube ni, ya ɗan jima kafin ya gane inda na dosa. Sannan ya goge yatsansa a gefen tabarma.

"Wannan ai ba rantsuwa ba ce, yatsa ne," in ji shi. "Kuma wannan tafiya ce ta gaske."

Ni na ɗaukar masa jaka har tasha.