Yadda na ƙanƙantar da kundin mahaifina

A shekarar da sojoji suke bin gida-gida suna bincike a Potiskum, duk takarda mai baƙaƙen Larabci ta zama abin tsoro, don ba kowane soja ke bambance ajami da wasiƙar 'yan bindiga ba. Ni kuwa ina da kundin mahaifina, Allah ya jiƙansa, rubutun hannunsa: magungunan shanu, labarin tasowarsu daga Nangere, da ra'ayinsa a kan surukansa. Matata ta ce in rabu da shi kafin ya jawo mana.

Ana cikin haka aka sa dokar hana fita. Maƙwabcinmu, ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran keke napep, ya miƙo mana faifai ta kan katanga. Ya ce, "Malam, sa wa yaran nan su yi shiru, ni ma in huta."

Fim ɗin Turawa ne. Wani magidanci ya ƙera na'ura, ta haska 'ya'yansa suka koma kamar tururuwa, shi kuma ya share su ya kai bola. Maƙwabcin ya ce akwai na biyu da na uku har da na talabijin, wato mutumin bai taɓa yin hankali ba. Na zauna ne don in tabbatar babu abin da bai dace yara su gani ba, sai ga ni ina tunanin alwalar 'ya'yan magidancin: ɗigon raɓa ɗaya ya ishi gidan duka.

Da aka ɗauke wuta na ce wa matata, "Kin ga dabara? Abin da ya yi ƙanƙanta ba a ganinsa."

Ta ce, "Malam, mutumin nan 'ya'yansa ya zubar."

"Ai ba na'urar ce ta yi sharar ba."

Na fere alƙalami har ya yi tsinin allura, na yanka takarda ƙanana, na zauna kwafa. Kwana tara ina yi, salla kawai ke tashe ni. Kundin nan gaba ɗaya ya shige akwatin ashana. Na yi bisimilla na ƙona na asalin a bayan ɗaki, na binne tokar a wuri mai tsabta, sannan na kai mata aikina.

Ta jujjuya shi ta ce, "A da littafi ne, sojoji su yi maka tambayoyi. Yanzu laya ce, ba sai an tambaya ba. To karanta mini layi ɗaya."

Na kai shi bakin ƙofa wajen haske. Lokacin da nake kwafa ina duban na asalin ne, hannu yana tafiya. Yanzu baƙaƙen sun zama kamar an watsa riɗi a tabarma.

"Shi Baturen yana da abin mayar da su," in ji ta. "Kai fa?"

Sojojin ba su taɓa shiga layinmu na Yerimaram ba.

Da aka sassauta dokar, na riƙa hawan napep zuwa kasuwa wurin wani dattijo mai gyaran agogo. Yakan ara mini gilashin da yake maƙalawa a ido, in zauna a bencinsa ina mayar da rubutun girmansa, mutane suna miƙo mini agogo in gyara. Fiye da rabi ya dawo. Inda tawada ta haɗe kuwa, ya tafi ke nan. Matata ta ce in cike da kaina, ba wanda zai gane. Na bar wuraren fari, na nemi gafarar Allah da ta mahaifina.