Shinkafar Saga

Istifanus, ɗan Dogondutsi, ya koyi riƙe kamara a Yamai a shekarar fari da yunwa, zamanin mulkin soja. Gidan tele bai ɗauke shi aiki ba. In hotonsa ya yi musu, su karɓa.

Da farko hoton mushen shanu ya kawo. Aka ce ba za a nuna ba. Sai ya tafi Saga, inda ake noman rani a gefen Yamai, ya juya wa masu gudun yunwa baya, ya ɗauko hoton shinkafa kore shar. Wannan kam aka yi ta nunawa.

Mahaifiyarsa Tabita ta gani a telen garinsu. Ta aiko direba da saƙo: "Tunda ku kun samu ruwa, muna tafe dukanmu."

Istifanus ya ce, "To," ya ci gaba da goge gilashin kamararsa.