Gidan da Ba Shi da Turba

Shekarar da Baba ya yi sabon ɗaki a gidanmu na Daudawa, an gama kaka ke nan, dangi suka zo gayya daga Sabuwa da Ruwan Godiya. Maza na kwaɓa ƙasa da ciyawa suna jera tubali a rana, mata na jigilar ruwa daga rijiya, mu yara kuwa aikinmu tattaka laka har ta kai mana gwiwa. In an yi magariba sai mu taru a bakin murhun da aka tuƙa tuwon gayya, ƙafafunmu duk sun yi fari. Nan kakarmu Inna Kulu take zama ta yi mana tatsuniya. Ni take kira maigidanta, ko da yake a cewarta ba ta taɓa auren raggo irina ba.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri," in ji ta. Mu ce ta shigo.

Wai an yi wani mutum da ya tashi gina gida, danginsa suka ce za su zo masa gayya, ya ce ya gode. A ganinsa duk wanda ya sa hannu a bangonka, gobe zai zo neman inuwarsa. Sai ya koma bayan gari ya yi gininsa shi kaɗai, kullum ta wata hanya dabam yake ɗebo ruwa don kada a gan shi a taya shi. Gida ya yi kyau, har da azara. Damina ta sauka, ciyawa ta fi mutum tsawo, zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya yi ta kira, dangi suna jin murya amma ba su ga ta inda za su bi ba, domin turbar gida ƙafafun masu ɗaukar ƙasa da ruwa ne suke fitar da ita.

Na ce, "Inna, to ya mutu?"

"Ina na sani, maigida? Ni ma ban san hanyar gidan ba. Tashi ka wanke ƙahwa."

Mun yi dariya, ni dai a lokacin na ɗauka labarin wawa ne kawai.

Da na samu aikin koyarwa na sayi fili a Ƙanƙara, na fara gini da bulo da siminti. Yayana Hamisu, wanda yake noma a wani ƙauye kusa da Sabuwa, ya kira ni a waya ya ce zai zo da 'ya'yansa maza su kama mini. Na ce kada ya wahala, na ɗauki leburori. Gaskiyar magana ita ce na san 'yan bindiga sun fara tayar da ƙauyukan wajensu, na kuma san wanda ya ɗauki bulon gida ba a hana shi ɗaki. Ɗaki uku na yi, na kuwa ƙirga su da kyau.

Bara aka tayar da su. Yaya ya kwaso iyalinsa zuwa Ƙanƙara, suka sauka a wani kango marar ƙofa. Sai bayan kwana biyu na ji a bakin wani mai kayan miya. Na je na same shi yana toshe taga da buhu, kunya ta ishe ni, na ce akwai ɗaki a gidana.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lawal, gidan da ba ka ɗauki ƙasarshi ba, sai da sallama ake shiga. Mu goma sha ɗaya ne, sallamarmu ta yi yawa."

Na koma na kwashe buhunan masara daga ɗaki na uku, na share, na shimfiɗa tabarmi. Ranar Juma'a Yaya yakan biyo mu gaisa. A zaure yake tsayawa.